Bizar da ta hana ni ɗaurin auren ƙanena a Mayotte

Har yau idan na tuna matar nan ta wajen awon kaya a filin jirgin Paris sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Ba ta yi min wulaƙanci ba, gara ma da ta yi, da na samu wanda zan ɗora wa laifi. Fasfo ta karɓa, ta buɗe shafin biza, ta sa yatsa a kan layin da aka rubuta ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ta ce, "Malam, wannan ba ta kai ka Mayotte." Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da yake yi, na ce ai Mayotte Faransa ce. Ta ce ƙwarai Faransa ce, amma ba ta cikin Shengen. Ta turo min jakata gefe, ta kira na baya.

A watan Agustan 2022 ne. Wajen aikinmu sun tura ni kwas na mako uku a Lyon, ƙanena kuma da ke koyar da lissafi a wata sakandare a Mayotte, tsibirin Faransa a Tekun Indiya, ya sa ranar aurensa da wata 'yar can. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, ni zan tsaya masa. Da muka ga kwanakin sun zo daidai muka ce faɗuwa ta zo daidai da zama: in gama kwas in wuce kai tsaye. Shi yana da takardar zama ɗan ƙasar Faransa, bai taɓa neman biza zuwa can ba, don haka bai san da zancen ba. Ni kuma ban tambayi kowa ba. Na sayi tikiti mafi araha, irin wanda ba a canzawa ba a mayar da kuɗi, Yuro 900, wato jika 590 da 'yan kai na sefa. A jakata akwai babbar rigar shadda da na ba da ɗinki a Damagaram, da turare, da kilishi na surukai.

Kwana biyu na yi ina zarya ina neman mafita, ko'ina amsa ɗaya: bizar yankunan Faransa na ƙetare daban take, kuma a ƙasar da kake zaune ake nemanta. Ranar ɗaurin auren ina wani ɗan ɗakin otal kusa da filin jirgi, waya a hannu, ina kallon wani abokin aikin ƙanena ɗan Senegal zaune a inda ya kamata in zauna. Da na koma gida Inna ba ta ce min komai ba, shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Sai a Nuwamba na samu zuwa, da biza mai ɗauke da sunan Mayotte ɓaro-ɓaro da na nema a Yamai, na bi ta Nairobi. Wannan karon sau uku na sa aka karanta min shafin kafin in biya ko dala.

Jirgi ba ya sauka a babban tsibirin. A ƙaramin yake sauka, wanda suke kira Petite-Terre, daga nan ka hau jirgin fito, kai da motoci da babura da 'yan makaranta, minti kamar 20 ka iso Mamoudzou, babban birni. A kan jirgin fiton nan na fara ganin abin da taswira ba ta nuna min ba. Duwatsu koraye shar sun taso daga cikin ruwa, ruwan kuma kwance luf kamar tafki, saboda murjani ya yi wa tsibirin katanga ya tare igiyar teku. Duk ƙasar murabba'in kilomita 374 ce, tsakanin Madagaska da Mozambik, dutsenta mafi tsawo, Benara, mita 660. Mutumin da ya tashi inda ake tafiyar yini ba a ga tudu ba, sai ya ji kamar an sa shi a akwati mai kyau an rufe.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda wurin ya yi kama da gida. Kiran salla ta kowace kusurwa. Yara da asuba suna tafiya makarantar allo, wadda suke ce wa shioni, kafin su wuce ta boko. Kusan kowa Musulmi ne. Yarensu Shimaore ɗan'uwan Swahili ne, wasu ƙauyuka kuma Kibushi suke yi, mai tushe a Madagaska. Idan suka ce marahaba godiya suke yi, ni kuwa kwana biyu ina amsawa kamar an yi min maraba. Ga tutar Faransa a bakin ofishin magajin gari, ga Yuro a aljihu, ga jandarmomi Turawa suna sintiri da gajeren wando.

Surukar ƙanena ta tarbe ni da fuska shafe da msindzano, wani farin kwaɓi da matan can ke samu daga goga icen sandal a kan dutsen murjani. Na rusuna na ce kwezi kamar yadda aka koya min a hanya, ta amsa, sannan ta faɗi wata magana da ta sa duk matan gidan suka fashe da dariya. Ƙanena ya yi ta noƙewa, da ƙyar ya fassara: wai ga babban wan da ya iso bayan an wanke tukwane. Na miƙa kilishin, sabo ne, na farkon ni na cinye shi a otal ɗin nan don baƙin ciki.

Gidan na amarya ne. A al'adarsu iyaye ke gina wa 'ya mace gida, miji ne ke tarewa, in aure ya mutu shi zai kwashe komatsansa. Na dubi ƙanena na ce, "To, mijin hajiya, sai a bi a hankali." Ya ce, "Yaya, nan ba a wasa da mata, su suka riƙe tsibirin nan wa Faransa." Da gaskiyarsa. A shekarun 1960 da 1970 wasu mata ƙarƙashin Zéna M'Déré sukan kewaye jami'an da aka turo daga Moroni, babban birnin tsibiran Komoros, su yi ta yi musu cakulkuli har sai sun gudu. A ƙuri'ar 1974 sauran tsibiran Komoros uku suka zaɓi 'yancin kai, Mayotte ta ƙi. Ta sake tabbatarwa a 1976, a 2009 kashi 95 cikin ɗari suka amince ta zama cikakkiyar jiha, ranar 31 ga Maris 2011 ta zama ta 101 a Faransa. Komoros har gobe cewa take tsibirin nata ne.

Na tambayi wani dattijo a unguwar wa ke mulki a nan, ya nuna sama da leɓe ya ce préfet, wato gwamnan da Paris ke naɗowa. Akwai majalisar jiha da suke zaɓa, da ƙananan hukumomi 17, da 'yan majalisar dokoki biyu da sanatoci biyu a Paris, amma 'yan sanda da bakin iyaka da kuɗi mai kauri duk daga nisan kilomita 8,000 suke zuwa. Alƙalan Musulunci, kadi, an karɓe musu ikon yanke hukunci a 2010, yanzu sulhu suke yi. Sabon aure da mace fiye da ɗaya ma doka ba ta san da shi ba.

Ni dai duk inda hira ta je sai ta dawo kan takarda, ko don abin yana cina ne. Wata mata 'yar Anjouan, ɗaya daga tsibiran Komoros, da ke taya su aikin gida ta ji labarina ta yi dariya, ta ciro katin zamanta ta nuna min. Shekara da shekaru tana Mayotte, 'ya'yanta a asibitin Mamoudzou aka haife su, amma katin a tsibirin kaɗai yake aiki, in za ta Paris sai ta nemi biza. Ashe katangar da na yi karo da ita daga waje, su daga ciki suke karo da ita. Anjouan kilomita 70 ce kawai daga nan. Tun da aka sa musu biza a 1995 suke tsallakowa da dare a ƙananan kwalekwale masu inji da ake kira kwasa-kwasa, teku ta ci mutane ba adadi. Ƙidayar 2017 ta samu mutum sama da 256,000, kusan rabinsu ba 'yan ƙasar Faransa ba ne. Na ji kunyar yawan mitar da nake yi a kan jika 590, amma ban fasa ba.

Kuɗi kam akwai su, a hannun 'yan kaɗan. Ma'aikacin gwamnati ana ƙara masa kashi 40 cikin ɗari a kan albashi, shagunan zamani cike da kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Longoni. Fukafukan kaji da ake gasawa a bakin titi, mabawa, waɗanda ake ci da soyayyar ayaba da rogo, a kwali suke zuwa daskararru daga ƙetare. Da na ga farashin albasa sai da na yi wa manoman Galmi addu'a. Furen ilan-ilan na turare da banila da aka san tsibirin da su a da, yanzu sai 'yan gonaki. Ka ɗaga kai daga shagunan nan kuma sai ka ga gangaren unguwar Kawéni ta Mamoudzou lulluɓe da gidajen langa-langa. Kashi 77 cikin ɗari na mutanen suna ƙasa da mizanin talauci na Faransa. Magariba na yi ƙanena zai fara duba agogo, don samari kan tare hanya da duwatsu.

Babbar rigar dai na sa ta. Ranar Juma'a muka je garin Tsingoni, masallacin da aka rubuta shekarar 944 ta Hijira, wato 1538, a mihrabinsa, na shiga sahu da shadda mai aska biyu a cikin zafin nan mai danshi, kafin a sallame na jiƙe sharkaf. Wani tsoho ya shafa hannun rigar ya tambayi ƙanena ko ni sarki ne a garinmu. Ƙanena ya ce a'a, wanda bai zo biki ba ne.

In ɗan'uwanka ya gayyace ka Mayotte, ko wasu tsibiran Faransa irin su Réunion da Martinique, kada ka tsaya a kan "ai Faransa ce". Ka buɗe fasfo ka ga sunan wurin da idonka, kuma kada ka sayi tikitin da ba a canzawa kafin nan. Shi mai gayyatar, in fasfonsa ja ne, bai san komai a kai ba, kada ka dogara da shi.

Na yi alkawarin dawowa suna. Kafin a haihu sojoji suka karɓi mulki a Nijar a Yulin 2023, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairun 2024. A ƙarshen 2023 ƙanena yana kirana yana cewa kwana biyu cikin uku babu ruwa a famfo. Ranar 14 ga Disamban 2024 guguwar Chido ta yaye musu rufin gida, kwana biyar ban ji muryarsa ba. Yarinyar sunan Inna aka sa mata, yanzu tana gudu ko'ina. Idan aka miƙa mata waya aka ce ga Baba Babba, kwezi take ce min.