Noman ranin da na yi a Auyo da abun da jan-baki ya min

Ni ɗan Auyo ne ta wajen uwa amma a Kano na taso, sai bikin sallah ake kai mu. Wanda bai san garin ba, yana kusa da Hadejia a Jigawa, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ba dutse ba tudu, in ka tsaya bakin fadama idonka zai ta tafiya har ya gaji, shinkafa ce kawai da alkama da kachalla a bakin ruwa. Ruwan kogin daga can Tiga da Challawa yake gangarowa.

Ranin 2024 na ce nima bari in taɓa noman shinkafa, kawuna ya ara min eka ɗaya cikin tasa. Matsalata tun farko kuɗi ne, adashi nake jira kuma ɗaukata sai ƙarshen Fabrairu, alhali maƙwabtana tun sanyi bai gama fita ba suka zuba iri. Ranar da na fara rainon irina su har sun gama dashe. Wani dattijo da gonarsa ke gabas da tawa ya tsaya ya kalle ni ya ce ɗana ka makara fa, da ka haƙura sai damina. Na ce Baba ai irin shinkafar nan Sipi ce, wata huɗu ta nuna, ba komai in sha Allahu. Bai ƙara magana ba ya wuce.

Gaskiya shinkafar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na zuba takin kamfa bayan dashe, na bi da yuriya sau biyu, fangalolin nan suka yi kore shar har mutane na tsayawa kallo. Fetur ne dai ya sha ni, tunda aka cire tallafi a Mayun 2023 lita ta haura 600, ga zafin Afrilu ka yi ban ruwa yau jibi ƙasa ta tsage, injin ban ruwan sai ya wuni yana kuka. Wasu sun koma gas wasu sola, ni ban da halin ko ɗaya lokacin.

Inda abun ya kwaɓe shi ne da kowa ya yanke tasa. Ka ga lokacin da fadama duk ta nuna tare, tsuntsu rabuwa yake, kowa ya ɗan taɓu kaɗan, kuma kowace gona da masu kora, ihun wannan yana taimakon wancan. To ni tawa ta fara ɗaukar madara daidai sanda filin ya zama kara, ita kaɗai tsaye a tsakiya. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba, da asuba kafin rana ta ɓullo za ka ga kamar hayaƙi ya taso daga cikin kachalla, ashe tsuntsayen jan-baki ne, su sauka gaba ɗaya zangarniya ta lanƙwashe. Ba jira suke ta bushe ba, madarar suke tsotsewa su bar maka ƙaiƙayi, daga nesa ka ɗauka akwai ƙwaya sai ka murza a tafin hannu ka ji ba komai.

Muka ɗaura igiyoyi daga kusurwa zuwa kusurwa, muka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki da ledoji, na ɗauki yara uku da majajjawa tun sallar asuba har magariba, ni kaina na ɗauki hutu a wajen aiki na dawo na tare. Muryata sai da ta dishe. In ka kore su ta yamma su zagayo ta gabas. Raga ce maganinsu amma kuɗinta ya fi ƙarfina a ranar, na riga na ƙarar da komai a fetur.

Ga shi yanka ya kai ni cikin Yuni, ruwan farko ya same mu muna casa, dole muka ja tampol muka rufe, wani ɓangaren ya jiƙe ya yi baƙi, mai sayen shanshera ya karya min farashi kuma ban ga laifinsa ba. Abun da na tashi da shi da ƙyar ya mayar da rabin abun da na zuba. Na ji ciwo sosai, ba don kuɗin kaɗai ba, don shinkafar ta yi kyau kuma na ga ranar da ta fara lalacewa da idona.

Da zan koma Kano na je sallama da dattijon nan, yana gyaran kwari zai shuka ta damina. Ya ce bana ka ciyar da tsuntsayen gari duka, Allah ya ba ka lada, baɗi ka zo mu zuba iri rana ɗaya. Haka na yi, tun Disamba na sayi taki na ajiye ɗakin kawu, na nemi a sauya min ɗaukar adashi, na rage gonar zuwa rabin eka don in iya riƙe ta. Da suka zuba na zuba, da suka yi dashe na yi, yaron kora ɗaya muka haɗa ni da Baba muka raba kuɗinsa.