Lodin da ya wuce ƙima

Jiya muna dawowa daga Zariya zuwa Kano muka biyo bayan wata tirela, wallahi har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba. An jibga mata buhunan masara har sun haura bodi an ɗaure da igiya, sannan ga mutane zaune a saman kayan harda wani yaro rungume da akuya, motar duk ta karkace gefe guda, tayoyin baya sun baje kamar zasu fashe. Direbanmu ya kasa wuce ta, mu kuma sai salati muke tayi.

Kuma fa ba hatsari kaɗai bane matsalar. Injiniyoyin hanya sun daɗe da lissafa cewa in aka ninka nauyin da ke kan aksil ɗaya, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama, ɓarnar da yake yiwa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Shi yasa zaka ga sabon titi ko damina biyu bai ci ba ya lotsa a hannun da manyan motoci ke bi. Dokar ma akwai ta, ECOWAS ta ƙayyade tan 11.5 a kan aksil, aiki da ita ne babu.

Ni ban ɗora wa direba laifin shi kaɗai ba, mai kaya ne ke son lodin mota biyu a kuɗin mota ɗaya, ga tsadar dizal. Don Allah a kafa sikeli tun daga inda ake lodi, irin su kasuwar Dawanau da tashar jirgin ruwa ta Apapa da kamfanonin siminti, in mota ta haura a sauke rarar nan take, tarar kuma ta hau kan mai kayan shima.