Ni da Igiyar Shanya

Ƙanwata da ke aure a Ingila ta matsa mini lamba in sayi injin busar da kaya. Ban ga laifinta ba. Can rana sai ta ga dama take leƙowa, ga gidan bene babu tsakar gida. Amma a Kano? Da bazara in na shanya zanin gado da hantsi, kafin in sauke tukunya ya bushe ƙayau. Injin nan kuwa wuta yake ci ba ta wasa ba, ƙaramin janareta ba ya iya ɗaukarsa, kuma tun Afrilun 2024 da aka kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wa wuta, kowa ya koyi duba mita kafin ya kunna abu.

Sai dai shanya ma sai wanda ya iya. Ba kowane tufa ke son rana ba. Fararen kayan maigida da na makarantar yara, su nake ba wa tsakiyar igiya inda rana ta fi duka, bayan na tsoma su a ruwan bula. Atamfa kuwa baibai nake juya ta in kai ta inuwar katanga, domin rana na cin launi. Duk atamfar da kika ga ta koɗe tun ba ta tsufa ba, ki tambayi mai ita inda take shanya. Shadda ta fi kowa iyayi: a sa mata sitati, a baza ta sosai kada ta naɗe, in ta sha iska a kai wa masu bugu. A ce wai a jefa wannan cikin inji yana juya ta da zafi? Haba!

Hunturu shi ne mai yaudara. Iska a bushe take, kaya ba sa daɗewa, amma in kika manta da su zuwa la'asar, farar riga ta koma ruwan ƙasa. Saboda haka nake goge igiyar da jiƙaƙƙen tsumma kafin in ɗora komai, in kwashe da zarar sun bushe, in kakkaɓe tun a waje. Igiyar roba nake ɗaurawa, don waya na tsatsa, tsatsa kuma in ta kama farin yadi sai dai haƙuri.

A watan Agusta ne kawai nake ɗan tuna maganar ƙanwar tawa. Hadari ya haɗo daga gabas, kina cikin tuƙin tuwo, sai ki ji maƙwabciya ta tsallaken katanga tana ƙwala kira, "Maman yara, shanyarki!" Kowa ya fito da gudu, har ɗan autana da ke jan hannun riga a ƙasa wai shi ma taimako yake yi. Tawul kan wuni ya kwana bai bushe ba, ya fara wannan warin danshin da turaren wuta ma ba ya rufewa. A irin lokacin nake ja igiya a baranda, in bar tazara tsakanin kaya, in kunna fanka idan an kawo wuta. Masu kauri kuma na jira sai ranar da gari ya washe.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: ba a shanya mini kaya a ƙasa ko kan ciyawa, musamman da damina. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufa, in an sa shi tsutsar ta shiga fata, ta tasar da ƙurji kamar maruru. Zafin dutsen guga na kashe ƙwan, shi ya sa kayan jariri, har wando da hula, sai an goge su ciki da bai kafin su taɓa jikinsa, ko da dutsen gawayi ne.