Asabar a falon Yaya, da rigimar wat

Ban gama karyawa ba Yaya ya kira. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce in shirya in raka shi Sabon Gari, amfilifa zai saya, babba. Risibar da ya saya kwanakin baya, wato na'urar da ke karɓar sautin fim ta tuƙa sifikoki da amfilifar da ke cikinta, ta hannu 'yar Beljiyam, wai ba ta da ƙarfi: da fim ya kai wurin harbe-harbe sai ta yi ƙas ta mutu, jar fitilar gabanta ta hau ƙyaftawa. Shi dai ya gama yanke hukunci, wat ɗinta ne ya yi kaɗan. Na ce, "Yaya, bari in zo in gani tukuna, kasuwa ba guduwa za ta yi ba." Na jefa mitar gwajin wuta da sukundireba a jaka na hau babur.

Abin da na fara gani ina shiga falon shi ne inda aka ajiye ta. Tana cikin durowar ƙasan talabijin, mai murfin gilashi, an kuma ɗora mata dikoda a ka, daidai kan ramukan da take fitar da zafi. A wannan bazarar, da ko mutum ne ka kulle haka sai ya yi ƙorafi. Amma wannan ƙaramin laifi ne. Babban yana jikin bango.

Sifikoki biyar ne ƙanana, ragowar wani tsohon saiti irin wanda ake sayarwa a kwali ɗaya da na'urar DVD. Na'urar ta mutu tuni, sifikokin suka rage, Yaya ya ga asara ce a zubar. Na sauko da ɗaya na juya bayanta, na goge ƙura da babban yatsa: om 3. Na leƙa bayan risibar da fitilar waya, a gefen bakunan sifika an rubuta om 6 zuwa 16. Don Yaya ya gani da idonsa na ɗora mita, ta nuna ƙasa da uku kaɗan. Haka abin yake, mita kullum tana nuna ƙasa da lambar da ke rubuce. Sifika mai om 8 ma sai ka ga ta ba ka shida da wani abu.

Bayanin da na yi masa ba mai tsawo ba ne. Om shi ne yadda sifika ke tare wutar da amfilifa ke turo mata. Idan lambar ta yi ƙasa, wutar sai ta kwarara da yawa. A ƙarar murya iri ɗaya, mai om 3 tana jan ninki biyu na abin da mai om 6 za ta ja. Wutar nan ta cikin risibar take bi, sai ta ɗau zafi, sai abin kariyar da ke cikinta ya kashe ta kafin wani abu ya ƙone. Lafiyarta ƙalau, kanta take ceto.

Sai na bi wayoyin na tarar da abin da ya fi wannan. Wufar tsohon saitin, wato sifikar da ke fitar da bes ko kaurin sauti, irin wadda ba ta da amfilifa a cikinta ce, bakin wufa na risiba kuwa sigina kawai yake fitarwa, ba ya tuƙa komai. Da babban ɗan Yaya ya ga ba ta magana, sai ya feƙe wayarta ya murɗa ta tare da ta sifikar hagu, ya naɗe da baƙin tef, ya cusa su a baki ɗaya, har wasu siraran gashin tagulla sun fito suna neman taɓa ƙarfen baya. Biyu masu om 3 a baki ɗaya, abin da risiba ke gani om ɗaya da rabi ne. Yaron na tsaye yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baffa, ai da na haɗa ta yi bes." Ta yi kam. Na yaba masa dabarar, na kuma hana shi sakewa.

Yaya bai sauka ba. Ya sa aka ɗauko tsohon kwalin daga sito, ya nuna mini da yatsa: wat 1000. "Sifikokin nan wat dubu suke ci, ita kuma ɗari take bayarwa. Ina za ta iya?" Wannan fahimtar ce ta fi yawa a wurin mutane, kuma ita ke cinye musu kuɗi. Ko da lambar gaskiya ce, wat ɗin da ke jikin sifika iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kafin ta lalace. Bokiti mai lita ashirin ba ya tilasta wa famfo ya ba shi lita ashirin. Abin da ka tara shi zai riƙe. Sifika mai ɗaukar wat 150 za ta yi aiki lafiya da amfilifa mai 60. Ya yi shiru, irin shirun yayan da bai yarda ba amma ba ya son musu da ƙani a gaban yara. Muka yi azahar muka tafi kasuwa, bisa sharaɗin sifika za mu duba.

Layin masu kayan sauti a Sabon Gari ba wurin yin magana ba ne. Kowane shago ya ƙure nasa, waƙar wannan ta hau kan ta wancan. Wani saurayi ya tare mu, "Alhaji, shigo ka ga mai wat dubu biyar." Ya ɗauko ta da hannu ɗaya, wanda rashin nauyin nan kaɗai ya isa shaida. A gaban kwalin an rubuta 5000W da manyan jajayen haruffa, a ƙasa ƙanana PMPO. Na juya bayanta, kusa da inda wayar wuta ta shiga, abin da take sha daga soket bai kai wat ɗari ba. Na tambaye shi ta ina sauran dubu huɗu da ɗari tara za su fito. Ya yi dariya ya ce haka kamfani ya rubuta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. PMPO, wato ƙarfin da ake cewa na'ura na kaiwa na ƙiftawar ido, ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Irin wannan cika baki ne ya sa tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kafa dokar cewa mai sayar da amfilifa ya faɗi ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, wanda aka fi sani da RMS.

Har manyan kamfanonin ma sai ka karanta ƙananan haruffa. Sau da yawa babbar lambar da ke kan talla an auna ta ne da tasha ɗaya tak, wato bakin sifika ɗaya, tana aiki, a om 6, a sauti guda na 1 kHz, wani lokaci ma da gurɓatar sauti har kashi 10 cikin ɗari. Wadda nake nema ni ita ce ta tasha biyu, a om 8, daga 20 Hz zuwa 20 kHz, wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri, gurɓata ƙasa da 0.1. Ita ma idan tashoshi biyar ko bakwai suka tashi tare sai ta ragu, domin dukansu taransifoma ɗaya ke shayar da su.

Muka ƙarasa wurin wani dattijo mai gyara da na saba da shi, can lungu, shagon da ba ya ɗaukar mutum uku. Warin dalma da ƙonannen roba, fanka tana kaɗa zafi. Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci ya zazzage. Tuwita ce zalla, 'yan ƙananan da ke fitar da siririyar murya, duk matattu. Ya ɓare ɗaya ya miƙa wa Yaya: zaren tagullar da ke ciki, siriri kamar gashi, ya yi baƙi ƙirin ya saki daga naɗinsa. Ya ce yawancinsu daga gidajen kallon ƙwallo da masu kiɗan biki suke zuwa, kuma sau da yawa amfilifar da ta kashe su ƙarama ce. Mutum yana son ƙara, amfilifa ta kai iyakarta, shi kuma ya ci gaba da murɗawa. Daga nan sai ta fara yanke kan sautin, ya fito a daddatse yana ƙarce kunne, wutar da ke isa tuwita ta wuce abin da aka yi ta dominsa, ta gasu. "Alhaji," in ji shi, "da ka ji murya ta fara tsagewa, rage. Kunnenka ya riga mitata sani." Babba ma tana kashe sifika idan aka yi ganganci, ya ƙara da cewa, amma mai ɗan rarar ƙarfi ta fi zama lafiya da wadda kullum take a ƙure.

A shagonsa na samu damar faɗin abin da tun safe nake son Yaya ya ji, domin a gaban dattijon ya fi saurara. Lambar da ta fi wat muhimmanci ita ce wadda ba mai kallo: desibel nawa, wato ma'aunin ƙarar sauti, sifika ke fitarwa idan aka ba ta wat ɗaya, aka auna daga nisan mita ɗaya. Yawancin na gida suna tsakanin 85 da 91. Na karɓi biro na rubuta a bayan kwalin tuwitar. Ƙarin desibel 3 sai an ninka wat sau biyu. Ƙarin desibel 10, wanda shi ne kunne ke ji kamar an ninka ƙara, sai an ninka wat sau goma. Ke nan mai 85 tana bukatar wat 100 ta yi ƙarar da mai 88 za ta yi da 50, mai 91 kuma da 25. Tsakanin risiba mai wat 80 da mai 100 kuwa desibel ɗaya ne, wanda da ƙyar za ka lura da shi, amma mutane na ƙara maƙudan kuɗi a kansa.

Sai nisa. A fili, duk ninkin nisa yana cin kusan desibel 6. A ɗaki bango na mayar da wani abu. Kujerar Yaya mita uku take daga talabijin. Sifika mai 89, ko an cire mata desibel 10 na nisan, wat ɗaya zai ba shi 79 a inda yake zaune, wat goma 89, wanda ya isa maƙwabci ya aiko yaro. Ragowar ƙarfin risibar na ajiya ne, don lokacin da bam ya tashi a fim na daƙiƙa ɗaya.

Yaya ya ɗan kai hannu kan wata risiba mai kyau da ke kan kanta. Dattijon ya juya masa bayanta: 120V, ta Amurka ce. Wutarmu 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma rana ɗaya wani zai manta ya soka ta kai tsaye. Na Japan ma 100 ne. Ta Yaya ta Turai ce, ba ta da wannan matsalar.

Ciniki ya ɗau lokaci, ba zan ɓata takarda a kansa ba. Mun fito da sifikoki biyu na gaba masu om 8 da desibel 89, da ta tsakiya mai om 8 ita ma, da wufa mai amfilifarta a ciki. Kuɗin bai isa sayen sifikokin baya ba. Na ce hakan ma ya fi, uku na kirki sun fi biyar da ke kashe risiba. Ta tsakiyar ce ma na dage a kai, tun da kusan duk maganar fim daga ita take fita.

Bayan la'asar muka hau haɗi. Na fito da risibar daga durowa zuwa saman tebur, dikoda gefe. Sabuwar waya mai kauri, na murɗe bakin kowace sosai kada gashi ya fito. Wayar ba ta da alamar ja da baƙi mai kyau, sai na nuna wa yaron dabarar batir ɗin tocila: ka taɓa wayoyin biyu a batir mai bolt ɗaya da rabi, idan fatar sifikar ta turo waje, wadda ke kan kan batir ita ce ja. Idan aka juya ɗaya, sifikokin biyu sai su riƙa cinye bes ɗin juna. Ya karɓi aikin ya yi sauran da kansa.

A cikin saitin risibar na gaya mata babu na baya, na sa duka ukun a Small, na yanka a 80 Hz, lambar da THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin fim, ya daɗe da tsayarwa. Yaya ya ga kalmar a talabijin ya ce shi fa ba ƙanana ya saya ba. Na ce ma'anarsa duk sautin da ke ƙasa da 80 wufa za a tura wa. Kaurin sauti shi ne mai cin wuta, idan wufa ta ɗauke shi da nata ƙarfin, risibar ta huta, muryoyi kuma su fito tas. Makirufon da ake auna ɗaki da shi bai zo da ita ba, kamar yadda aka saba a kayan hannu, don haka nisa da tef ɗin tela na matar Yaya muka auna, ƙarar kowace kuma da manhajar waya da kunne.

Muka sa fim ɗin da ke kashe ta, daidai wurin. Yaya ya riƙe rimot yana ƙarawa har ya ce ya isa, allon risibar na nuna -20. Na ce masa a nan, kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da za ta bayar a 0 take bayarwa. Ya dafa samanta, ɗumi kawai. Matar Yaya ta leƙo daga kicin ta ce yau dai tana jin abin da suke faɗa, amma kwanukan da ke cikin shokes suna rawa. Muka ja wufar daga kusurwa muka rage ta kaɗan.

Ana kiran magariba aka ɗauke wuta, yaron ya tayar da ƙaramin janareta. Da wufa ta buga sai ƙwan falon ya dushe ya dawo, injin na canza murya a waje. Na kashe su duka na zare daga soket, na ce kada a kunna a kan wannan injin, ga firji ma a kansa. Ranar Litinin idan na tashi daga aiki zan biya in tambayo kuɗin sitabilaiza, in kuma duba ko dattijon zai samo mana biyu na baya masu om 6 ko 8 kafin ƙarshen wata.