Shafin da Zai Buɗe a Ƙaramar Waya

Yawancin masu karanta rubutuna ba su taɓa ganin fuskar farko ta shafina ba. Ko dai wani ya tura musu adireshi a zauren WhatsApp, ko kuma sun tambayi Google yadda ake adana wake kada ƙwari su cinye shi, sai ya jefo su kan wani rubutu da na yi shekaru da dama da suka wuce. Wayar da ke hannun irin wannan mutum ƙarama ce, Itel ko tsohuwar Tecno, datar da ya saya kuwa ta kwana guda ce, yana kallo tana ƙarewa. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, lissafin nan ya ƙara tsauri. Shi ya sa duk gyaran da zan yi wa shafin, na kod ne ko na rubutu, da wannan bawan Allah nake auna shi. In gyaran bai sauƙaƙa masa ba, ba na ɓata lokacina a kai.

A kan harkar noma da ajiyar amfanin gona nake rubutu, shafin kuma da WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet, aka gina shi. Da nauyinsa na fara. Hoton da wayar zamani take ɗauka yakan kai megabayit uku ko huɗu, alhali rubutu mai kalma dubu bai wuce 'yan kilobayit ba. Ashe hoton buhu guda yana iya cinye datar da za ta isa mutum ya karanta ɗaruruwan rubuce-rubuce. Yanzu babu hoton da yake hawa sai na rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, na mayar da shi WebP, wani tsarin ajiye hoto mara nauyi, wanda WordPress ya fara karɓa kai tsaye a 2021. Ina so kowane hoto ya tsaya ƙasa da kilobayit 100. Waɗanda ke can ƙasan rubutu kuma ba sa saukowa sai mai karatu ya gangara ya iso wurinsu.

Sai maɓallan rabawa. Tsarin kamannin da na ɗora wa shafin ya zo da jerin su, kowanne yana kiran kod daga kamfaninsa kafin rubutu ya bayyana, har da na Google+ da aka rufe tun Afrilun 2019. Na kwashe su duka. Guda ɗaya na bari, na WhatsApp, shi ma adireshi ne zalla ba ya janyo komai daga waje. A can ne mutanenmu suke raba abu, ban ga amfanin sauran ba. Idan na gama irin wannan gyara ba a kwamfuta nake gwadawa ba. Akwai tsohuwar wayar ƙanena da na ajiye don wannan aiki, da burauzar Opera Mini, wato manhajar buɗe shafuka, a cikinta. In shafin ya buɗe a nan, to zai buɗe a ko'ina.

Abin da ya fi cin lokacina, kuma ya fi damuna, shi ne haruffa masu ƙugiya. Wanda ke rubutu da Turanci bai san wannan wahala ba, don haka ba a cika samun bayaninta a wuraren da ake koyar da gina shafi ba.

Matsalar hawa biyu ce. Ta farko salon haruffa. Mutum zai zaɓi salo mai kyau, ya ga kanun rubutu ya fito tsaf, sai a tsakiyar kalma ɗ ta fito siririya ko ta fi 'yan uwanta tsawo, wani lokaci ma akwati ne kawai a gurbinta. Dalili shi ne wanda ya zana salon bai zana wannan harafi ba, sai burauza ta aro daga wani salo ta cike gurbin, in ba ta samu ba ta sa akwati. Akwai kuma wani abu da ya sa lamarin yake ruɗa mutane. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ƙ da ƴ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ rukuninsu ɗaya, amma ƙananan ɓ da ɗ suna wani rukuni dabam, na alamomin furuci da masana harshe suke amfani da su. Saboda haka salo yana iya ɗauke da ƙ ya rasa ɗ. Duk wanda ya gwada da harafi ɗaya ya ce shi ke nan, bai gama gwaji ba. Ni jimla guda nake da ita mai ɗauke da dukkan takwas ɗin, ina duba ta a rubutu na yau da kullum, da mai kauri, da mai karkata, domin sau da yawa a mai kaurin ne ake samun giɓi.

Salon da na tabbatar suna da su cikakku su ne Noto na Google, da Andika da Charis da Gentium na cibiyar SIL. Na tsaya a kan Noto Sans. Cikakken fayil ɗinsa yana da nauyi, don ya haɗa har da haruffan Girkanci da na Rashanci waɗanda ba ruwan mai karatuna da su. Lasisinsa ya halatta a yanke, sai na ware haruffan boko da namu masu ƙugiya da lambobi da alamomin rubutu, na ajiye a kan shafina. Ya dawo kilobayit 'yan gomomi.

Hawa na biyu ya fi haɗari, don shi rubutun kansa yake taɓawa. Lokacin da na sauya kamfanin da ke ɗauke da shafin, ma'aikacinsu ya kwashe rumbun bayanai, inda duk rubuce-rubucen suke ajiye, ya zuba a sabon wuri, da na buɗe sai na ga duk inda ƙ take ta zama Æ™, ɗ kuma ta zama É—. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin aikin shekaru ne. Amma rubutun bai lalace ba, karanta shi aka yi ba daidai ba. A tsarin UTF-8, wanda da shi aka ajiye rubutun, kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu ne. Idan aka karanta shi da tsohon tsarin harsunan Yammacin Turai, wanda yake ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, sai harafi ɗaya ya rabe ya zama alamomi biyu marasa ma'ana. Na ce masa, “Malam, don Allah kada a gyara ko kalma ɗaya da hannu, a dawo da kwafin asali a sake zubawa da utf8mb4.” Da aka yi haka komai ya koma mazauninsa. WordPress ya koma wannan tsari na utf8mb4, wato cikakken UTF-8 a rumbun bayanai, tun 2015, amma kayan kwashe bayanai na wasu kamfanoni har yanzu sai an gaya musu. Shawarata ga duk mai shafin Hausa da zai yi ƙaura: kafin ka bar tsohon wuri ya rufe, buɗe tsofaffin rubuce-rubuce a sabon wurin ka duba ƙugiyoyi da idonka.

Akwai wata ƙarama da ba kowa ke lura da ita ba. WordPress yana da ɗabi'ar kyautata alamomin zance da kansa, idan ya ga alamar da muke sawa a gaban 'ya'ya ko 'yan kasuwa sai ya ɗauka buɗe zance ne, ya juya ta baibai. Layi ɗaya na kod ya kashe wannan. Na kuma sa alamar da ke shaida wa burauza da Google cewa harshen shafin Hausa ne, wato ha, domin a daina yi wa mai karatu tayin fassara daga harshen da ba shi ba.

Daga nan akwatin bincike. Mutane da yawa ba su da haruffan ƙugiya a allon wayarsu, ko suna da su amma ba su saba ba, duk da cewa Gboard, allon rubutu na Google, yana da Hausa. Mutum zai rubuta kwari yana nufin ƙwari, rumbun bayanai kuma ya ɗauki k da ƙ a matsayin haruffa biyu dabam, sai ya ce masa babu komai, alhali ina da rubutu a kai. Ban yarda in cire ƙugiyoyi daga rubutuna don wannan ba, ƙa'idar rubutu ce, kuma yara suna karantawa. Abin da na yi shi ne kowane rubutu na ajiye masa kwafi na ɓoye wanda aka sauke wa ƙugiya, abin da mai bincike ya rubuta shi ma a sauke masa, sannan a gwama su. Wannan ya warware wata matsalar ma: 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ƴ suke rubuta abin da mu a Najeriya muke rubutawa da 'y, yanzu duk wanda aka shigar wuri ɗaya yake kaiwa.

A adireshin rubutu kuwa ba na sa ƙugiya ko kaɗan. Idan aka kwafi adireshi mai ƙ aka liƙa a saƙo, yakan zama %C6%99, ya yi tsawo ya yi muni, har mutum ya ji tsoron taɓawa ya zaci na 'yan damfara ne. Tsofaffin da suke da wannan na sauya su, amma kowanne na bar masa turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, zuwa sabon. Adireshin da ya shiga WhatsApp ya fita daga hannunka, yana nan yana yawo daga zaure zuwa zaure, bayan shekara biyar wani zai latsa shi. Bai kamata ya tarar da 404 ba, wato saƙon cewa babu shafin.

Adireshin wasu da na kafa hujja da su, su ba ni da iko a kansu, kuma suna mutuwa fiye da yadda ake zato, musamman na ma'aikatu da jaridun da suka sauya tsari. Idan na sami wanda ya mutu sai in nemi kwafinsa a Wayback Machine na Internet Archive, wanda yake tara shafuka tun 1996. Sabo kuwa, ranar da zan kafa hujja da shi nake tura shi can a adana.

To, duk wannan kod ne. Gyaran rubutun kansa ya fi nauyi a wuyana, domin kod in ya lalace ana gani, rubutu kuwa yana iya tsufa ya koma ƙarya yana nan da kyansa. Farashin buhun masara a Dawanau da na ambata kafin a cire tallafin man fetur a 2023 ba shi da alaƙa da na yau, amma wanda Google ya kawo ba ya duba kwanan wata. Ba na goge tsohon farashi, tarihi ne. Ina dai rubuta wata da shekara a jikinsa, a saman rubutu kuma in sa ranar da aka wallafa da ranar da aka yi gyara na ƙarshe, manya yadda ba za a tsallake ba. Idan na sauya wani abu mai muhimmanci ina faɗin abin da na sauya. Ban ga kyan mutum ya gyara magana a ɓoye ba, bayan wani ya riga ya yi aiki da ta farko.

Rubutun adana wake shi ne aka fi karantawa, shi na fi komawa kansa. Na faɗaɗa bayanin buhun PICS mai hawa uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, yadda ake ɗaure kowace leda dabam a matse iska, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Na kuma ɗauko gargaɗin zuba wa wake maganin ƙwari na dichlorvos daga tsakiyar rubutun na mayar da shi sakin layi na farko. Saboda ragowar wannan guba ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, mu kuwa shi muke dafawa muna ba yara. Mai karatu da yawa ba ya kai ƙarshen rubutu, datarsa ko haƙurinsa zai ƙare a hanya. Abin da zai tsare lafiyarsa dole ya zo kafin nan. Haka rubutun iri, duk sanda cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da sabon irin masara na SAMMAZ ko na wake na SAMPEA da na tabbatar da bayaninsa, a tsohon rubutun nake ƙarawa, ba na buɗe sabo in raba wa mutane hankali gida biyu.

Sauran aikin kamar yaɓen gidan ƙasa ne kafin damina, ba wanda zai yaba maka, amma in ka bari ruwa zai nuna maka. PHP 7.4, tsohon zubi na harshen kod da WordPress yake aiki da shi, ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2022, don haka na koma na 8, na zubar da ƙananan manhajojin da masu su suka daina kula da su, domin ta nan ɓarayin intanet suka fi shigowa. Takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce kuma tana sabunta kanta, amma nakan leƙa in tabbatar, don burauza tana korar mutane da jan gargaɗi idan ta ƙare. Kod ɗin da na rubuta da hannuna yana cikin Git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane gyara. Kwafin rumbun bayanai kuma ina da shi a wuri biyu da ba na kamfanin ba, lokaci zuwa lokaci ina zuba shi a kwamfutata in ga ko zai tashi, domin kwafin da ba a gwada ba ba a san ko kwafi ne ba. Kuɗin sunan shafi nakan biya na shekaru a gaba idan hali ya yi, tunda da dala ake lissafinsa, kowa kuma ya ga yadda naira ta yi daga tsakiyar 2023.

Abin da ke gabana yanzu murya ce. Wata baiwar Allah ta aiko mini cewa ita take karanta wa mahaifinta, shi manomin, don bai yi boko ba, ta ce, “Malam, da za ka riƙa karantawa da bakinka da ya fi.” Na yi lissafi: magana zalla in an matse ta a kilobit 32 a daƙiƙa, minti ɗaya kilobayit 240 ne, minti goma bai kai megabayit biyu da rabi ba. Zai yiwu. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne fayil ɗin ba zai fara sauka ba sai an latsa, kuma za a rubuta nauyinsa a gefen maɓallin, mutum ya san abin da zai kashe kafin ya taɓa. Da rubutun wake zan fara, in Allah ya yarda, kafin a fara girbi.