Awa huɗu da kofi da cokali

Daren Talata, tsakiyar hunturu.

Na dawo daga aiki bayan magariba a gajiye, amma ban so in kwanta ban rubuta abin da ya faru yau a ɗakin yara ba. Tun da sanyin bana ya kankama, babu ranar da ba a kawo mana yara masu amai da gudawa, sai dai na yau ya tsaya mini a rai fiye da sauran.

Wajen ƙarfe tara na safe wata matashiyar uwa ta shigo da ɗanta ɗan wata tara, kakarsa tana biye da ita da ƙullin kaya. Kwana biyu ke nan yaron yana amai, daga baya gudawa ta biyo, ruwa tsululu ba jini. Idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, da na tsunkuli fatar cikinsa na saki kuma sai da ta ɗan jima kafin ta koma. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yana kuka da ƙarfi, kuma da na miƙa masa kofi sai ya cafke shi da hannu biyu. Yaron da ke iya sha bai kai ga matakin da muke tsoro ba. Likita ya duba shi ya ce a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, wato ORS. Nauyinsa kilo 8 ne, ƙa'ida kuwa mililita 75 ce ga kowane kilo a cikin awa huɗu, saboda haka na auna mililita 600 na ajiye a gaban uwar tare da cokalin shayi.

Kakar ba ta ji daɗin haka ba. Ta jawo ni gefe ta ce, "'Yar nan, ba za a yi masa ƙarin ruwa ba? Mun taho da kuɗin leda, kada ki ga kamar ba za mu iya saya ba." Na ce, "Iya, ba maganar kuɗi ba ce. Wannan da kike gani a kofi shi ne ƙarin ruwan, ta baki kawai zai shiga. Ki ba ni zuwa azahar." Ta yi shiru, amma fuskarta ta nuna cewa a ganinta an raina ciwon jikanta.

Ban ga laifinta ba, domin wanda bai san tarihin wannan ruwa ba dole ya ɗauke shi abin talauci. A shekarar 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa hanji yana tsotse sukarin gulukos ne tare da sinadarin sodiyam, su biyun ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu. Daga baya aka gano cewa wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko da kwalara ta kama mutum. A 1968 wasu likitoci 'yan Amurka, David Nalin da Richard Cash, suka gwada ruwan a kan masu kwalara a Dakka, babban birnin Bangaladash na yau, ya yi aiki. Gwajin da ya fi girgiza ni shi ne na 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, inda ledojin ƙarin ruwa suka ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya. Sai ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a cikin manyan durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi, kuma mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4 cikin ɗari. Wajen 1980 gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da miliyan huɗu a kowace shekara, yanzu kuwa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta kai rabin miliyan ba, kuma wannan fakitin da kakar ta kalla a wulaƙance yana da babban kaso a cikin ragin.

Uwar ta fara ba shi cokali ɗaya bayan kowane minti ɗaya ko biyu. Bai yi rabin awa ba ya amayar, kakar ta dube ni. Na ce a dakata minti goma, sannan a ci gaba a hankali fiye da dā, kuma kada a hana shi nono. A nan ne yawancin iyaye suke karaya, alhali abin da ya zauna a ciki galibi ya fi wanda ya fito.

Muna zaune uwar ta faɗa mini cewa tun shekaranjiya suke ba shi Flagyl da suka sayo a kemis, kakar kuma ta ce ai haƙori ne, kowane yaro sai ya yi zawon haƙori. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin ta sa ana zaunar da yara a gida har su galabaita. Lokacin fitar haƙori ya yi daidai da lokacin da kariyar da jariri ya samo daga jikin uwa take raguwa, ya fara rarrafe yana kai komai baki, an kuma fara ba shi kunu. Mai laifin a irin wannan yanayi na sanyi galibi ƙwayar bairos ce mai suna rota, wadda Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a 1973 a asibitin yara na Melbon da ke Ostireliya, kuma Flagyl ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Maganin kashe bakteriya yana da wurinsa, idan an ga jini a bayan gida ko ana zargin kwalara mai tsanani, amma ba a kowace gudawa ba.

Na karɓi katin riga-kafinsa na duba, sai na ga ɗigon rota na farko kawai aka yi masa, ba a koma na mako 10 da na 14 ba. Na ji takaici, domin sai a watan Agusta na 2022 Nijeriya ta shigar da wannan riga-kafi cikin jerin na yau da kullum, bayan an daɗe ana jira. Kuma ba a nesa aka tabbatar da amfanin irinsa ba. A Madarumfa da ke jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar aka gwada wani nau'insa mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya rage gudawar rota mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku.

Wajen sha ɗaya aka shigo da wata yarinya a sanƙame, ba ta iya ko haɗiyar ruwa, kwana guda ba ta yi fitsari ba. Ita kam nan take aka nemi jijiya aka ɗaura mata leda. Kakar yaron ta ga komai, na kuma ga ta fahimci cewa ba rowar ledar muke yi ba. Irin wannan yarinya ce ke tuna mini da cewa ba gudawar kanta ke kisa ba, abin da take kwashewa ne. Ruwa ya ƙare ƙoda ta tsaya, fotasiyam ya yi ƙasa ciki ya kumbura zuciya ta rikice, sukarin jini ya faɗi yaro ya suma, ko kuma a dama gishiri ya yi yawa a gida har ya kai ga jijjiga. Akwai kuma matsalolin da ba a cika gani ba, kamar lalacewar ƙoda da jini da wani nau'in bakteriyar E. coli ke haddasawa, wanda ya kashe mutum fiye da 50 a ɓarkewar Jamus ta 2011, da shanyewar jiki da kan biyo bayan kamuwa da wata bakteriya mai suna Campylobacter.

Kafin a kira azahar yaron ya shanye kusan duka, ya yi fitsari, idanunsa sun ciko, har yana jan ɗankwalin uwarsa. Kakar ta ce, "Sista, Allah Ya yi miki albarka. Nuna mini yadda ake dama shi." Na nuna mata: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zubar da abin da ya rage bayan kwana ɗaya. Na ba su ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004, na kuma roƙe su kada su daina don sun ga gudawa ta tsaya.

Da na dawo gida na sake buɗe rahoton binciken GEMS da mujallar Lancet ta buga a 2013, wanda aka gudanar a Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Bangaladash, Indiya da Pakistan a kan yara sama da 9,000 masu gudawa mai ƙarfi. Ƙwayoyi huɗu aka samu a kan gaba: rota, Cryptosporidium, Shigella da wani nau'in E. coli mai fitar da guba. Amma abin da ya hana ni rufe kwamfutar shi ne abin da suka tarar da suka koma gidajen yaran bayan kimanin wata biyu. Haɗarin mutuwa a cikinsu ya ninka na takwarorinsu da ba su yi ciwon ba sau takwas da rabi, da dama sun rasu ne a gida bayan an ɗauka ciwo ya wuce, waɗanda suka rayu kuma girmansu ya ja baya. Gudawa tana cinye jiki, tamowa ta shigo, tamowar kuma ta buɗe wa wata gudawar ƙofa.

Mu a wurin aikinmu da zarar yaro ya yi fitsari ya kama nono, sai mu sallame shi mu juya ga na gaba, ba mu da wani tsari na bin sawunsa. Shi ya sa kafin su fita na rubuta a bayan katin cewa su dawo da shi bayan mako biyu a sake auna nauyinsa, na ce wa uwar ta ƙara masa abinci sau ɗaya a kan wanda ya saba ci kullum. Gobe in Allah Ya kai mu zan nemi shugabar ɗakinmu mu yi magana a kan buɗe littafi na musamman da za mu riƙa rubuta sunayen irin waɗannan yara da ranar dawowarsu. Yarinyar da aka ɗaura wa leda kuwa, lokacin da na baro asibiti ta buɗe ido, amma har yanzu ba ta yi fitsari ba.