Kafin a Kafa Rumfa a Tsakar Gida

A yawancin gidajen da ake ginawa yanzu a Kano da kewayenta, tsakar gida ce ke zuwa ƙarshe a lissafi. Sai an gama ɗakuna, an yi rufi, an tare, sannan zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40, ya tuna wa maigida cewa iyalinsa ba su da inda za su zauna da rana in wuta ta ɗauke. Daga nan sai a kira birkila da mai walda cikin gaggawa, kuma abin da ake fara tattaunawa shi ne irin tayil ɗin da za a shimfiɗa da launinsa. A ganina wannan magana ce da ya kamata ta zo daga baya, domin abubuwa biyu ne ke sa rumfa ta zaunu ko ta zama wurin ajiye tarkace: inda ruwan sama zai bi, da inda rana za ta faɗo.

Batun rana ya fi sauƙin ganewa, amma yana ɗauke da sarƙaƙiya. Ranar da ta fi damun mutum ita ce ta bayan azahar zuwa la'asar sakaliya, wadda ke shigowa ta gefe daga yamma, kuma rufi ba ya tare ta komai faɗinsa. Saboda haka rumfar da aka jingina da bango, bangon yana yamma da ita, takan sami inuwa mai kyau a daidai lokacin da ake buƙatarta. Sai dai irin wannan rumfa bakinta na kallon gabas ne, alhali hadarin farkon damina a wannan yanki daga gabas yakan taso da iska da ƙura, shi ya sa magina na dā suke ba bangon gabas kulawa ta musamman wajen yaɓe. Wanda filinsa ya ba shi dama, ya fi masa ya juya bakin rumfar kudu ko arewa. Wanda kuma bai da zaɓi, sai ya ƙara tsawon bakin kwanon ta gabas, ya tanadi asabari da za a riƙa saukewa in hadari ya haɗo. Kafin a tsai da wuri, yana da kyau a tambayi matan gidan, domin su ne suka san inda inuwa take da hantsi da inda take komawa da yamma, su ne kuma za su yi girki da kitso da tankaɗe a wurin, ba wanda ke fita tun da safe ya dawo bayan magariba ba.

Ruwa kuwa shi ne inda aka fi yin asara, kuma ba ya nuna kansa sai a watan Agusta, bayan an riga an sallami ma'aikata. Ƙa'idar ba ta da wuya. Daɓen rumfa ya kasance ƙasa da dokin ƙofar ɗaki da kimanin santimita 15, ya kuma ɗara sauran tsakar gidan tsawo, sannan ya gangara daga jikin bango zuwa wajen rariya da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Gangaren da bai wuce haka ba ido ba ya ganinsa, mai zama a kan tabarma ma ba zai ji shi ba, amma ya isa ya kori ruwa. Na taɓa tsayawa a kan wani dattijon birkila yana fitar da wannan awo a gidan ƙanwar mahaifiyata, ba da wata na'ura ba, da siririn tiyo mai haske wanda ya cika da ruwa. Ya riƙe baki ɗaya a jikin bango, yaronsa ya riƙe ɗayan a bakin rariya, suka jira ruwan ya natsu, kowa ya yi alama da gawayi, sannan suka ja igiya. Da ta ce masa ita dai tana son daɓen ya kwanta sumul, sai ya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, in na yi miki shi sumul, da tsintsiya za ki riƙa fitar da ruwa duk damina." Bayan an gama aikin ya sa aka kwara bokitin ruwa a tsakiya, muna kallo ya nufi rariya bai tsaya ko'ina ba. Duk mai ba da irin wannan aiki ya yi wannan gwaji kafin ya biya cikon kuɗi.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda ake yawan mantawa da shi. Rufin rumfa yana tara ruwa mai yawa wuri ɗaya, kuma in aka karkata shi ya riƙa zuba a gindin katangar da ta raba gida biyu, ba a daɗewa danshi ke cin ginin, daga nan magana ta kai gaban mai unguwa. A sa indararo ya kai ruwan inda ya dace, ko a tare shi a tanki, ya yi amfanin wanki.

Sai abin da za a shimfiɗa a ƙasa. Iyayenmu daɓe suke yi da tsakuwa da ƙasa, mata su taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa har ya yi ƙarfi da sheƙi. Daɓen nan yana da sanyi a ƙafa, amma yana son gyara a kai a kai, kuma masu iya shi sun yi ƙaranci a birni. Abin da ya maye gurbinsa shi ne kankare, kuma in za a yi shi a yi shi da gaskiya: a kwashe baƙar ƙasar sama, a zuba marmara a danne ta sosai, sannan a zuba kankare mai kaurin inci 4. Haɗin da aka saba shi ne buhun siminti ɗaya mai kilo 50, da kwanon sarki huɗu na yashi, da takwas na tsakuwa. Idan filin yana da faɗi, a raba shi gida-gida da tsagi a kowace mita 3 ko ƙasa da haka, domin siminti yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, kuma in ba a ba shi inda zai tsage ba, zai zaɓa da kansa. Intalok, wato ƙananan bulo da ake jerawa a ƙasa, yana da nasa amfanin, tunda ruwa na nutsewa ta tsakaninsa, kuma ana iya ɗaga shi a gyara famfo a mayar, sai dai yana tara ƙura da ciyawa, ba ya kuma daɗin shimfiɗa tabarma, don haka ni na fi ganin dacewarsa a filin da ke wajen rumfar. Tayil mai santsi kuwa ba na ba kowa shawarar sa shi a wurin da ake alwala da wanke-wanke, musamman gidan da ke da tsofaffi ko yara. In dole sai tayil, a nemi mai kaushi mai hasken launi.

Wajen ginshiƙai, gara ce ke yanke hukunci. Magina na gargajiya sun dogara da azara ta itacen giginya ne saboda gara ba ta cika cin ta ba, kuma wanda ya shiga Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ya ɗaga kai zai ga yadda aka jera ta. Katakon da ake saya a kasuwar katako ta Na'ibawa ba haka yake ba, don haka kada a binne shi a ƙasa ko da an shafa masa baƙin mai. A ɗora shi a kan gindin kankare. Mafi yawan mutane yanzu bututun ƙarfe suke saye a kasuwar Ƙofar Ruwa, wanda ya fi kwanciyar hankali, muddin an duba kaurinsa, an haƙa masa rami mai zurfin kamar santimita 60 an cika da kankare, an kuma shafa masa fentin hana tsatsa kafin a kafa.

Rufin kwano yana tare ruwa, amma in ya yi ƙasa sai rumfar ta koma tanda da tsakar rana. A ɗaga shi ya kai mita 3, a bar sarari tsakaninsa da bango ta sama inda iska mai zafi za ta fita, sannan a yi masa silin, ko a ɗaura zana ta ƙarƙashinsa, wadda ta fi araha kuma tana rage zafin ƙwarai, sai dai a nisanta ta da murhu. A kuma tuna cewa rumfa a buɗe take, iska na shiga ta ƙasa ta ɗaga rufin, saboda haka ƙusa kaɗai ba ta wadatar ba. A ɗaure katakon rufi da langa-langa, ko a yi wa ƙarafan walda mai kyau.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ƙasa ta tsane kuma maigida bai manta wuraren da ruwa ya kwanta masa ba. Matsalar wannan lokaci ita ce busasshiyar iskar hunturu, wadda ke shanye ruwan sabon siminti tun bai kama ba, har ya riƙa fitar da gari in an share. Maganinta shi ne a rufe daɓen da tsofaffin buhuna, a riƙa jiƙa su safe da yamma na aƙalla kwana 7, a kuma hana ɗora turmi ko wani abu mai nauyi a kai sai ya kusa wata guda, domin sai ya yi kwana 28 kankare ke kai ƙarfin da ake lissafa masa.